Alhaji Bamanga da Olsarsa ta Manya

Allah ya jiƙan maza. Allah ya jiƙan Alhaji Bamanga, Janar Kwantirakta, Giwar Tudun Wada, mutumin da ya kawo wa unguwa olsa tun kafin gwamnati ta kawo mata famfo. Kafin shi, mutanen Tudun Wada ciwon ciki kawai suka sani. Wani murɗa, wani ƙwannafi, wani zawo, duk cututtukan talakawa masu araha, waɗanda ko faɗarsu ba a yi a taro. Sai da Alhaji ya tashi takanas ta Kano ya je Jos, ya dawo da ciwo mai sunan Turanci, sannan unguwa ta san ta ci gaba.

Ba da girma aka haife shi ba, shi ya sa ya san darajarsa. Lokacin da ake shimfiɗa layin dogo zuwa Gombe, lebura ne. Shi da amininsa Matiyu, wani mutumin Kaltungo mai sanyin magana, kwano ɗaya suke sa hannu, rogo da ƙuli, a inuwar tarago. Matiyu ya zauna a reluwe, yana bin jirgin kaya zuwa Fatakwal. Bamanga kuwa, da kuɗin fetur suka ɓalle kamar an fasa tulu, sai ya faɗa kwangila. Kwalbati ce sana'arsa. Akwai wadda ya gina a hanyar Gabukka, saboda kwarjininta ko ruwan sama ba ya yarda ya bi ta cikinta, sai ya kewaye ta gefe cikin ladabi.

Da Marsandi ta zo, sai asali ya biyo ta. Alhaji ya tuna cewa kakansa Bafulatani ne mai shanun da ba a taɓa sanin yawansu ba, domin ba wanda ya taɓa ganinsu. Fulatancinsa bai wuce “jam” ba, wato “lafiya”, amma fulako ya ɗauke shi gaba ɗaya, wato kunyar nan ta Fulani da ke hana babban mutum nuna yunwa ko cin abinci a gaban jama'a. Fulanin gaske sukan kauce su ci a ɓoye su dawo. Alhaji bai iya wannan ɓangaren ba. Wanda ya ari riga bai san inda aljihunta yake ba.

A Jos likita ya yi masa dogon bayani. Ya ce gyambo ne a cikin ciki. Ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan a kan kari, kada ya bar cikin wayam, ya rage goro da yaji. Can a ƙarshe, yana wanke hannu, ya ƙara da cewa yawan tunani ma yakan tayar da shi. To, kunnen Alhaji rariya ce ta musamman. Duk bayanin ya zube ƙasa, maganar ƙarshen nan kaɗai ta tsaya.

Ranar da ya dawo, ya zauna a falo, ya ɗora hannu a kan ciki kamar mai riƙe da sandar girma.

“Jama'a,” in ji shi, “wannan ciwo ba a tsintarsa a kasuwa. Sai mutum ya kai matsayin da ƙasa ke kwana a kansa. Manajan banki yana da ita. Manyan sakatarorin Bauchi duk suna da ita. A Ingila, in ba ka da olsa ko ofis ba a ba ka. Likita ya auna ni, ya girgiza kai, ya ce, Alhaji, tunaninka ya fi ƙarfin cikinka. Na ce, likita, ya zan yi? Ni na roƙi Allah ya ɗora mini Gombe?”

Aka ce Allah ya ƙara lafiya. Wani dillalin siminti da ya san bakin zaren ya ce Allah ya ƙara girma. Shi aka fara ba oda.

Sai dubiya ta kankama. Kowa ya san al'adarmu: ba a zuwa gaida mara lafiya hannu rabbana, kuma duk wanda ya taɓa ciwon ciki likita ne. Wannan ya zo da sassaƙen marke, wancan da jiƙon bagaruwa. Wani maƙwabci ya kawo ɓawon madaci mai ɗacin da ke sa jaki tuba. Wani malamin gona ya rantse da ruwan kabeji. Wata tsohuwa ta aiko da garin ɗanyen ayaba a ƙullin tsumma. Teburin falo ya cika da kwalabe har rediyo ta rasa wurin zama.

Alhaji yana da tsarinsa na shan magani, kuma ko a Ingila ba a kai ga irinsa ba. Ba ya tambayar me ke cikin kwalba. Wa ya aiko, ita ce tambayar. In daga gidan mai muƙami ta fito, sai a zuba a tambulan na gilashi, ya ɗaga sama, ya ambaci sunan mai aikowa da dukan muƙamansa, ya shanye a gaban jama'a ko gira ba ta motsa ba. In daga gidan talaka ne, sai a yi godiya a tura ƙarƙashin tebur. Ƙullin tsohuwar nan ɓera ne ya ci moriyarsa, kuma an shaida ɓeran bai taɓa kukan ciki ba.

Magani dai ba abinci ba ne, don haka fulako bai hana shansa a bainar jama'a ba. Abinci ne matsala. Falon Alhaji ba ya rabuwa da mutane daga hantsi har bayan isha'i, domin babban mutum da jama'a ake gane shi. Matarsa Hajiya Fanta, 'yar mutanen Borno mai hannun girki, takan aiko da tuwon shinkafa da miyar kaji. Alhaji ya buɗe, ƙamshi ya bugi hancinsa, maƙogwaronsa ya yi sama ya yi ƙasa, sai ya tura kwanon gaba.

“Bismillah, ku ci. Mu mun wuce nan. Ci na masu ƙaramin tunani ne.”

Masu ƙaramin tunani su naɗe hannun riga su share kwano. Mai babban tunani ya jefa goro a baki, ya kora da madaci. Haka aka yi ta yi. Masu dubiya suna ƙiba, wanda ake dubawa yana ramewa. Yawan masu gaishe da olsa, yawan yunwar mai olsa. Babbar riga ta fara yi masa kama da laima.

Matiyu ne ya fara tsorata. Shi ba ya cikin masu tura hannu a kwano. In ya sauko daga jirgi yakan zo ya zauna a bakin ƙofa da hularsa a gwiwa, yana kallon abokinsa. Ya ga yadda leɓensa ya bushe. Ya ga yadda yake danne ciki da gwiwar hannu in ana dariya. Wata rana da la'asar Alhaji ya ce zai duba mota, ya fita. Matiyu ya bi shi. Ya same shi a gareji, durƙushe a bayan Marsandi, ya cusa hannun riga a baki don kada a ji nishinsa.

Matiyu ya tsuguna, ya riƙe masa kafaɗa kamar yadda suke yi in ƙarfen dogo ya danne wa ɗayansu yatsa.

“Bamanga, yaushe rabonka da tuwo?”

“Mati, rufa mini asiri. Akwai mutane a falo.”

“Na gan su. Su ne dai za su ci shinkafar sadakarka, kuma za su ce gishiri bai ji ba.”

“Kai ba za ka gane ba. Kai ba ka da matsayi.”

“Ba ni da shi. Amma ina da aboki ɗaya, kuma ga shi yana ƙarewa kamar sabulu.”

Alhaji ya miƙe da ƙyar, ya gyara hula a madubin mota, ya koma falo ya ba da labarin yadda injin Jamus ke buƙatar ido.

Matiyu ya zagaya ta ƙofar baya. Ya tarar da Hajiya Fanta zaune a gaban murhu, idonta ja, ba kuma hayaƙi ne ya sa ba.

“Baban Hilda, ka ga abokinka? Jiya abin da ya amayar har da baƙi-baƙi. Kunyar aro za ta mayar da ni bazawara.”

“In kin ba shi a ɗaki fa?”

“Wane ɗaki? Kafin ya sallami mutanen nan ciwo ya riga ya kwantar da shi. Loma ɗaya, ya ce ta tsaya masa a ƙirji.”

Sai ta ce, ita a gidansu akwai kunun da uwarta ke damawa, na gero mai laushi, da garin hulba, da ɗan ganyen sabara, da kanwa kaɗan. Yana kwantar da ciki, yana riƙe mutum. Amma kunu ne, kuma Giwar Tudun Wada ba za ta sha kunu a falo ba.

Matiyu ya juya hularsa a hannu. Ya ce, “Hajiya, kunu ne in an kawo shi a ƙwarya.”

Da jirgi ya sake dawowa daga Fatakwal, Matiyu ya shigo falo da wani gwangwani mai rubutun da ba wanda ya iya karantawa. Dattijon coci ne, ba a san shi da ƙarya ba, shi ya sa wadda ya ranto ta zauna daram. Ya ce wani likitan jirgin ruwa ne ya ba shi. Ya ce garin maganin da ke ciki manyan Turai kaɗai ake ba, kuma yana da doka: a dama shi da ɗumi, a sha babban kofi safe da rana da yamma, kuma saboda ƙarfinsa dole a bi shi nan take da tuwo mai laushi da miyar kuɓewa ba yaji, in ba haka ba sai ya huda ciki ya fita.

Alhaji ya karɓi gwangwani da hannu biyu. Matiyu ba mai muƙami ba ne, amma jirgin ruwa ya fi kowane muƙami a Gombe, garin da ko kwalekwale sai an yi tafiya ake gani.

Aka kawo a fulas, aka zuba a kofin tangaran. Alhaji ya kurɓa. Ya lumshe ido.

“Kun ji bambanci? Wannan ɗanɗanon sai ƙasar sanyi.”

Sai ga tuwo. Jama'a suka fara gyara zama, Alhaji ya ɗaga hannu.

“A'a. Wannan ba abinci ba ne. Rakiyar magani ce. Umarnin likita ne, ba don son raina ba.”

Ya ci rakiya har ya suɗe kwano, yana yamutsa fuska don a san wahala yake sha. Matiyu ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Shi kaɗai ya san dariya ce ko hawaye.

Cikin ikon Allah, kafin wata ya juyo, Alhaji ya fara cika rigarsa. Nishi ya ragu. Kwalaben madaci suka koma ƙarƙashin tebur, domin likitan jirgi, ta bakin Matiyu, ya hana haɗa maganinsa da kowane. Goro ma ya hana. Likitan nan ya yi ta aiko da sababbin dokoki duk lokacin da Hajiya Fanta ta ga abin da bai yi mata ba. Ba a taɓa likitan da ya san cikin gidan mutum daga tsakiyar teku kamarsa ba.

Da a ce Alhaji mai shan magani ya yi shiru ne, da labari ya ƙare nan. Amma in ka ji ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa. Ya raɗa wa garin suna Sifeshal. Ya ce shi ya rubuta wa kamfanin da kansa. Daga baya ya ce tare da shi aka haɗa, ta wayar tarho. Hajiya Fanta ta ja masa kunne cewa likita ya ce ba a ba kowa, na jininsa ne shi kaɗai. Alhaji ya ce haka ne, jinin manya ba ɗaya yake da na kowa ba.

Sai aka yi baƙo. Malam Aƙilu, babban jami'in ayyuka daga Bauchi, wanda kwalbatocin lardi duka ke bi ta ƙarƙashin alƙalaminsa, ya zo rangadi Gombe, ya biyo gaida Alhaji. Mutum ne mai fara'a, mai faɗin abin da ke bakinsa. Falo ya cika har tagogi. Ana cikin gaisuwa ya ambata cewa shi ma cikinsa yakan yi masa zafi.

Alhaji ya miƙe tsaye. Wannan ce ranar da aka haife shi dominta.

“Ranka ya daɗe, ka zo gidan magani. Abin da zan ba ka, a duk Arewa mutum ɗaya ke da shi, kuma ga shi tsaye a gabanka. Ta teku yake zuwa. Sarakunan Turai da shi suke karya kumallo. Ba a ba talaka, domin cikinsa ba zai ɗauka ba. A kawo Sifeshal! A kawo kofin baƙi!”

Matiyu ya yi tari. Ya sake yin tari. Daga bayan labule aka ji faɗuwar ludayi. Amma umarnin Giwa ba ya komawa, fulas ya fito.

Malam Aƙilu ya kurɓa. Ya tsaya. Ya sake kurɓa, ya tauna bakinsa, sai fuskarsa ta washe kamar wanda ya gamu da ɗan garinsu a Makka.

“Ikon Allah! Alhaji, ai na san wannan. Hulba ce da sabara da 'yar kanwa. Shi ake dama wa maiɗakina tun da ta haihu watan jiya, don ruwan nono ya kawo. Wallahi ni ma nakan saci kofi in surukata ta juya baya. Naku dai an cire masa yaji ne.” Ya kurɓa na uku, ya dubi Alhaji da fara'a. “Ashe an yi haihuwa a gidan ba a gaya mana ba? Wa ke jego?”

Ba a yi haihuwa a gidan ba tun auta, wadda a lokacin tana sakandare. Kowa a falon ya san haka. Kowa kuma ya san wanda ke shan fulas uku a yini.

Dillalin siminti ya cusa hula a baki. Wani ya fita da gudu kamar an kira shi, aka ji dariyarsa ta fashe a ƙofar gida, ta bi layi, ta shiga kasuwa. Kafin magariba, masu shayi da teloli da direbobin tasha duk sun sami labari, kowa ya ƙara masa gishiri.

Alhaji ya yi abin da manya ke yi. Ya sa aka fitar da gwangwani. Ya yi jawabi cewa an yi wa kamfaninsa zagon ƙasa, kuma zai kai ƙara har Legas. Ya daina yi wa Matiyu magana. Ya koma wa madaci da goro, ya koma tura kwano gaba. Masu ƙaramin tunani suka yi murna da dawowar kaji.

Gyambo kuwa bai san an yi jawabi ba. Ya dawo da ƙarfinsa, har da bashin kwanakin da aka hana shi. Hajiya Fanta ta daina kuka a ɓoye, ta koma yi a fili. Matiyu yana zuwa kullum in yana gari, ya zauna a dakalin waje, tunda an hana shi falo. Zama kawai yake, kamar mai gadin abin da ya san nasa ne.

Wata safiya, kafin jama'a su taru, aka ce Alhaji na kiransa. Ya same shi kwance a kan doguwar kujera, ba hula, ba babbar riga, ya koma Bamangan inuwar tarago, sai dai furfura. Ya daɗe yana kallon silin.

“Mati.”

“Na'am.”

“Kai da coci. Ka dube ni ka yi mini ƙarya.”

“Na yi. In ka tashi ka kai ni ƙara Legas.”

Alhaji ya yi ƙoƙarin dariya, ciwo ya katse ta. Ya juya fuska bango.

“Jirgin nan naka na ruwa. Yaushe zai sake zuwa?”

“Yana madafa tun asuba. Kyaftin ɗin na jiran a ce ta sauke.”

“To a ce mata. Amma a rufe ƙofa.”

Daga ranar aka kafa sabuwar doka a gidan. Safe da rana da yamma ana sallamar falo, a ce Alhaji zai yi waya da ƙasar waje. A rufe ƙofa, a bar shi daga shi sai Matiyu in yana gari, da fulas, da kwano ɗaya. Jama'a su zauna a dakali suna jin ƙarar cokali, suna cewa lallai layin Ingila yau ya yi kyau. Matiyu ya lallaɓa shi ya koma wurin likitan Jos, wannan karon da Hajiya Fanta a kujerar baya don ta riƙe bayanin da kunnensa zai zubar.

Ya rayu. Ya yi shekaru masu yawa, ya aurar da auta, ya ga jikoki, ya gina kwalbatocin da ruwa ya ci gaba da girmamawa. Sai dai Giwar Tudun Wada ta mutu tun ranar Malam Aƙilu. Sunan da ya maye gurbinta shi ne Mai Jego. Ba a faɗa a gabansa, amma in ya wuce a Marsandi, tsofaffin matan unguwa sukan rusuna su ce, “Alhaji, barka da arziki. Ya ƙarfin jiki? Ya kawo kuwa?” Shi kuma ya ɗaga hannu a hankali, irin na manya, ya ce, “Jam.”

Da Allah ya karɓi abinsa, ba ciki ne ya kai shi ba, tsufa ne. Matiyu ya zauna a wurin makoki a bakin ƙofa, hula a gwiwa, yana sauraron masu yabo. Aka yabi kyautarsa, kuma gaskiya ne, mai kyauta ne. Aka yabi zumuncinsa, shi ma gaskiya ne. Da aka zo kan maganin, kowa ya yarda ya yi aiki: ya kwantar da gyambo, ya mayar da tsoka, ya riƙe mutum har furfura ta gama fita.

Abu ɗaya ne kawai ya gagare shi. Jego mafi tsawo da aka taɓa yi a Gombe, amma har aka kai Alhaji makwancinsa, bai kawo ba.